Lulluɓe Fangali da Takin Gida Ba Tare da Kaftu Ba: Dacewarsa da Lambunan Yankin Sheme

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dabarar shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a kan fangali ba tare da an kafce ƙasa ba, ta kuma auna ta da halin noma a Sheme da kewayenta, wato Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina. Matsayarta ita ce dabarar ta dace da lambu da garkar bayan gida, amma ba ta kai ga babbar gona ba, domin takin ba zai wadata ba.

Tushen Dabarar

Tun 1943 Edward Faulkner ya ƙalubalanci garma a Amurka. A shekarun 1970 kuma Rattan Lal ya nuna a cibiyar IITA ta Ibadan cewa ƙasar da aka lulluɓe ba a juya ta ba tana rage zaizaya, tana riƙe danshi. A Ingila, Charles Dowding ya shahara da gwada fangalin da aka kafce kusa da wanda ba a taɓa ba.

Dalilin a fili yake. Kaftu yana fito da irin ciyawa da ke binne zuwa haske, yana rusa ramukan tana da na saiwoyi, yana kuma bai wa iska damar cinye ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa da sauri. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan asara ta fi muni.

Halin Sheme

Tun daga Shirin Bunƙasa Noma na Funtua na 1975, masara da takin zamani suka zauna daram a yankin. Yau buhun taki ya yi wa ƙaramin manomi tsada, rashin tsaro ya raba mutane da gonakin nesa, satar shanu kuma ta rage kashin da ake tarawa a turke. Wannan ya sa 'yar garkar da ke jikin gari ta ƙara daraja.

Lissafi shi ne alƙali a nan. Shimfiɗa mai kaurin santimita 3 a fangali mai murabba'in mita 10 na cin kubik mita 0.3 na taki, abin da juji da turken awaki na gida ɗaya za su iya bayarwa. Kauri ɗaya a hekta guda na buƙatar kubik mita 300. Wane gida ne zai tara wannan? Kara ma yana da masu jiransa: dabba, murhu da danga. Harawa kuwa kuɗi ce, ba mai zubar da ita a ƙasa.

Akwai kuma bambancin yanayi da bai kamata a tsallake ba. Takin da ke kwance a fili cikin zafin Maris da Afrilu yakan bushe ya yi ɓawo, wani ɓangare na sinadarin naitirojin ya bi iska. Don haka a ganina taki kaɗai bai isa ba. Sai an ɗora masa buntun shinkafa ko sassaren karan masara. Gara za ta zo, amma ramukanta ne ke shigar da ruwa, kamar yadda aka gani a ramukan shuka da ake kira tassa a yankin Tawa a Nijar. Abin kiyayewa shi ne kada lulluɓin ya taɓa gindin dashen tumatir ko barkono.

Ɗanyen kashi yana ƙona dashe, yana kuma ɗauke da irin ciyawa. Sai tulin ya yi zafin da ya kai digiri 55 zuwa 65, an juya shi, ya yi baƙi ya daina wari, sannan a shimfiɗa. Kiri-kiri da aya-aya kuwa suna huda lulluɓi, dole a tone su da hannu tun farko.

Shawarar Gwaji

Ya dace masu bincike na cibiyar binciken noma ta IAR Samaru da malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina (KTARDA) su kafa fangali biyu-biyu a fadamun yankin, ɗaya kafce ɗaya lulluɓe, da taki daidai wa daida, har rani uku a jere. A riƙa ƙirga yawan ban-ruwa, kwanakin cire ciyawa da kwandunan da aka ɗiba, domin su ne ma'aunin da mai lambu yake yanke hukunci da shi.