Mai Gida da Baƙo: Tarihin Soket daga Berkeley zuwa Moshi Zango

Kalmar zango ta girmi unguwannin da ake kira da ita a ƙasar Gana. Asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A ƙarni na 19 fataken goro daga Kano da Katsina sukan tsaya ne a Salaga ta ƙasar Gwanja, domin sarakunan Ashanti, waɗanda Hausawan da suke kira Tonawa, ba su cika barin baƙin 'yan kasuwa su gangara kudu ba. Shan kayen da Ashanti suka yi a hannun Ingilishi a 1874 ya raunana wannan tsari, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa fataken. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai birnin ya cika da mutanen arewa, cikinsu har da Moshi daga ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Sunansu ne ya bi unguwar Moshi Zango, amma Hausa ce ta zama harshen cinikinta.

Ginshiƙin wannan ciniki shi ne mai gida. Yana zaune a wuri sananne, ƙofar zaurensa a buɗe. Baƙo ya zo da shanu ko ya zo neman goro, ya yi sallama, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali. Mai gida ba ya yawon neman baƙi. Baƙo ne ke wajabta wa kansa sanin gidan. Polly Hill ta yi nazarin wannan tsari a kasuwar shanun Kumasi a shekarun 1960. Ɗalibin da ya fahimce shi ya riga ya kama rabin ma'anar abin da masana kwamfuta ke kira soket.

Soket ƙofa ce ta manhaja wadda wani shiri na kwamfuta ke buɗewa domin ya yi magana da wani shirin a wata na'ura. An kafa ƙa'idar tafiyar saƙon tun 1974, lokacin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tsarin da ya zama TCP, kuma ranar 1 ga Janairu 1983 hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka ta koma kansa. Sai dai ƙa'ida dabam, hanyar da mai rubuta manhaja zai yi amfani da ita dabam. Wannan giɓi ne masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka cike a 1983, cikin tsarin Unix mai suna 4.2BSD. Hikimarsu ita ce su mayar da magana tsakanin na'urori tamkar karanta fayil da rubuta shi, abin da kowane mai rubuta manhaja ya riga ya iya.

Aikin ya kasu biyu. Kwamfuta mai hidima, wadda wasu ke kira sabar, wasu kuma uwar garke, takan buɗe soket, ta ɗaura shi a kan adireshinta da lambar wata ƙofa, sannan ta zauna tana sauraro. Lambobin an yi ittifaƙi a kansu: 80 ta shafukan intanet, 443 ta shafukan da aka kulle saƙonsu, 25 ta wasiƙu. Kwamfutar baƙo kuwa takan buɗe nata soket ɗin ta ƙwanƙwasa. Kafin a ce komai sai an yi musayar gaisuwa sau uku: baƙo ya yi sallama, mai gida ya amsa, baƙo ya nuna ya ji amsar. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, da mai gida ya karɓi baƙo sai ya ware masa sabon soket nasa shi kaɗai, ya koma bakin zaure yana jiran na gaba. Da haka na'ura ɗaya ke sallamar dubban baƙi ba tare da maganar wani ta shiga ta wani ba. Tsarin ya karɓu har Windows ma ya kwaikwaye shi a 1992 da sunan Winsock, kuma shi ne har yau ke ƙarƙashin manhajojin da ke cikin wayar hannu.

Akwai abin lura a nan ga mai nazarin harshe. Soket bai san harafi ba, lambobi kawai yake ɗauka. A tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙiro a 1992, kowanne daga ɓ da ɗ da ƙ yana cin gurbi biyu, alhali b da d da k gurbi ɗaya suke ci. Idan mai aikawa da mai karɓa ba su yarda da tsari ɗaya ba, sai ƙasa ta isa da tarkacen alamomi a farkonta. Laifin yana wuyan masu rubuta manhaja, ba na haruffan ba.

A ƙa'idar Berkeley babu na'urar da aka haifa mai gida. Kowace tana iya buɗe ƙofa ta saurara. Tarihin igiyoyi ne ya raba matsayin. Gana ta samu cikakkiyar haɗuwa da intanet a watan Agustan 1995 ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Nii Quaynor, kuma tana cikin ƙasashen farko a Afirka ta Yamma. Igiyar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki a 2002, Main One ta biyo a 2010. Duk a gaɓar Accra suka sauka, Kumasi kuwa tana kimanin kilomita 250 a cikin ƙasa. Manyan na'urorin hidima kuma yawancinsu suna Turai da Amurka. Saboda haka saƙo tsakanin maƙwabta biyu yana iya ƙetare teku ya dawo. Domin rage wannan ɓarna aka buɗe mahaɗar intanet ta Gana a Accra a 2005, inda kamfanonin cikin gida ke musayar saƙo kai tsaye. Ta taimaka, amma mahaɗa ba ta iya sada baƙo da gidan da ba ya ƙasar.

Ranar 14 ga Maris 2024 aka ga tsadar wannan matsayi. Igiyoyi huɗu, wato WACS da ACE da SAT-3 da Main One, suka lalace a tekun da ke gefen Kwaddibuwa. Wayoyi a Kumasi, kamar na Legas da Abidjan, suka yi ta buɗe soket suna sallama, babu mai amsawa, har wa'adin jira ya ƙare. Ga unguwa irin Moshi Zango, inda ciniki da zumunci suka ratsa iyakoki zuwa Wagadugu da Yamai da Kano, wannan na nufin ba a iya aika hoton kaya ga mai saye, ba a iya jin muryar ɗan'uwa. Hukumar sadarwar Gana ta sanar cewa gyaran zai ɗauki aƙalla makonni biyar, kamfanoni kuma suka karkatar da abin da za su iya ta wasu igiyoyin kafin jiragen gyara su iso.