Abdullahi ɗan Fodiyo

Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka haifa wajen 1766 ya rasu a 1829, ƙanen Shehu Usmanu ne, masanin fiƙihu kuma Sarkin Gwandu na farko. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, kuma a 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daularsa. Wasu na ganin tasirinsa a siyasa bai taka kara ya karya ba, tunda ɗan Shehu, Muhammadu Bello, aka yi wa mubaya'a a matsayin magajin Shehu a 1817, Kabawa kuma suka ci gaba da turjiya har suka kafa sarautarsu a Argungu. Sai dai gadonsa na haƙiƙa shi ne ɗaure mulki da shari'a: a littafinsa Diya'ul Hukkam, da ya rubuta a Kano, ya shimfiɗa haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba da alƙali, kuma malamai na karantar da shi har yau.