Labarin Dogarai Da 'Yan Doka, Da Asalin Ikon Ɗan Sanda

Da aka yi shawarar buga wannan ɗan littafi domin tunawa da ma'aikatan En'e, sai aka ce in rubuta labarin dogarai da 'yan doka, tun da yake aikinsu da namu na malaman kotu a haɗe yake: su ke kawo mutum, mu ke rubuta abin da ya biyo baya. To, zan fi mai da magana ga samari kurata waɗanda ke koyon aikin ɗan sanda, domin su ne magadan wannan aiki, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da nake so kurtu ya gane shi ne, ikon nan da za a danƙa masa, na ya tsai da magidanci a kan hanya, ya laluba aljihunsa, ya sa shi gaba, ya kulle shi, ba nasa ba ne, aro ne. Tarihin aikin kuwa dukansa labari ne na wanda ake aron a wurinsa, da sharuɗɗan da yake gindayawa.

A zamanin da, wurin Sarki ake aronsa. Kowane babban Sarki a ƙasar Hausa yana da dogarai, galibinsu bayinsa ne ko cucanawa, da shugabansu Sarkin Dogarai. Tun daga nesa ake gane su da manyan riguna ja da kore da ƙaton rawani. Su ke tsaron Sarki, su ke zuwa kamo wanda aka kai ƙara, su ke zaga kasuwa, su ke yin bulala in alƙali ya yanke. Wanda aka ɗaure su miƙa shi ga Yari, wanda aka yanke wa kisa kuwa wannan aikin Hauni ne. Dogari ba ya riƙe da takarda. Rigarsa ita ce sammacinsa, in ya ce Sarki na kira, magana ta ƙare.

Amma kada a ɗauka ba a san iyaka ba a wancan zamani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya fara jihadi a 1804, ya lissafta a cikin Kitabul Farƙi mataimaka huɗu da mulki ke tsayuwa a kansu, watau waziri, da alƙali, da mai karɓar haraji, da shugaban masu tsaron gari, kuma ƙwato hakkin mai rauni shi ne aikin da ya ɗora wa na ƙarshen nan. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon jama'a bisa Shari'a. Ashe Sarkin ma aro yake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne, dogari ba shi da albashi. Wanda aka aika kamu, a jikin wanda ya kamo yake cin abinci: ga ladan ƙafa, ga gaisuwa, ga kazar da za a yanka masa a gidan dagaci. Saboda haka in an hango jar riga ta doso ƙauye sai gaba ya faɗi, mai laifi da marar laifi duka. Tsoron nan bai mutu tare da masu shi ba, gadonsa aka yi, kuma kurtu zai tarad da shi yana jiransa a ƙauyen farko da aka tura shi.

Turawa sun kafa mulkinsu na Arewa a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, suka ci Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Gwamna Lugga ya kafa 'yan sandan Gwamnati, amma baƙi ne a garuruwan Sarakuna, ba su san mutane ba, mutane ba su yarda da su ba. A zamanin Gwamnan da ya gaje shi a 1907 sai aka janye su, aka bar wa dogarai cikin ƙasa. Daga nan aka zauna da masu tsaro iri biyu: 'yan sandan Gwamnati a bariki da hanyar jirgin ƙasa, dogarai a birni da ƙauye. Da aka kafa Baitulmali wajen 1910 aka yanka wa dogari albashi, abin da ya fi kowane wa'azi rage masa hujjar cin talaka, ko da yake bai rage masa sabon ba. Kotunan alƙalai kuma aka raba su daraja huɗu, babbar ita kaɗai ke yanke kisa, shi ma sai Gwamna ya tabbatar. Yanke hannu Turawa suka hana.

Jirgi ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka cika gari, ɓarayi su ma suka sami sababbin dabaru. Dogari mai tafiya da ƙatuwar riga, wanda bai iya karatun boko ba, ya kasa. A 1925 aka kafa 'yan gadi a Kano, waɗanda daga baya aka kira 'yan doka, sauran En'e-En'e suka bi. Aka ba su tufafi irin na soja, da ɗamara, da lamba, aka koya musu fareti, aka buɗe caji ofis da littafin da ake rubuta kowane kamu. Da fari 'ya'yan mutunci sun guji aikin, suna ganin na bayi ne, sai aka yi dabarar ɗora 'ya'yan Sarakuna a kansa. Usman Nagogo, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya shugabanci 'yan dokan Katsina daga 1929, ya zama Sarki a 1944. Ado Bayero ya zama Wakilin Doka a Kano a 1957, ya hau gadon sarauta a 1963. Su kuwa 'yan sandan Gwamnati, na Kudu da na Arewa, an haɗe su wuri ɗaya tun ran 1 ga Afrilu 1930.

To, a nan ne wahalar mu malaman kotu ta taso, wadda kuma ta shafi ɗan doka kai tsaye. Ƙasa ɗaya ce, dokar laifi biyu. In an kai mutum gaban Joji, da kundin Turawa za a yi masa shari'a, in an kai shi gaban alƙali, da Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ke nan ƙofar da ɗan doka ya shigar da mutum tana iya zama ita ce tsakaninsa da ransa. Shari'ar Tsofo Gubba ta fito da wannan a fili. Majalisar Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci, ta yanke masa kisa, domin a Malikiyya fushin da aka tsokano ba ya kau da ƙisasi. A kundin Turawa kuwa tsokana mai tsanani tana sauko da laifin daga wanda ake kashe mutum a kansa zuwa na ɗauri. A 1947 Kotun Afil ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin. Sarakuna da alƙalai suka ji abin ƙwarai, suka ga an sa kundin baƙi bisa Shari'a. Aka gyara doka a 1948, aka sake gyara ta a 1951, rigimar ba ta kwanta ba.

Wani wurin saɓanin shi ne iƙirari, kuma ina roƙon kurtu ya natsu a nan. Malaman Malikiyya kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Abin da Mudawwana ta ruwaito daga Imamu Malik shi ne, iƙirarin da aka samu da duka ko tsoratarwa ba a hukunci da shi. Tuhfa kuwa, wadda alƙalanmu suka fi riƙo, ta ba da dama a tsare wanda ya yi ƙaurin suna da ɓarna, a kuma karɓi abin da ya amsa. 'Yar ƙofar nan da malamai suka buɗe domin riƙaƙƙen ɓarawo, sai masu kamu suka mai da ita ƙofar gari, kowa aka tura ta nan. A ganina ba abin da ya ɓata sunan caji ofis kamar wannan.

Da mulkin kai ya ƙarato, Gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a a 1958, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, da Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Andasan daga Landan, tare da manyan Arewa irin su Shettima Kashim, Wazirin Barno. Suka ba da shawarar a yi kundi ɗaya, a ɗauko samfurinsa daga Sudan, wadda ita ma daga Indiya ta samo. Haka aka sami Finalkod da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, suka fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Daga ranar ikon kamu ya koma cikin takarda sosai. An rubuta laifin da ake kamu a kansa ba waranti da wanda sai da waranti, an rubuta yadda ake cika takardar rahoton farko da ake kai wa kotu, an kuma hana a tsare mutum fiye da awa 24 ba a kai shi gaban mai shari'a ba, ban da lokacin tafiya.

Sai dai takarda ba ta hana siyasa shiga ba. Tun da aka kafa NEPU a 1950 'yan hamayya ke kuka cewa ɗan doka da alƙali da Yari duk na ubangida ɗaya ne, a kama mutum da safe kan ya yi lacca ba izini, kafin azahar yana gidan yari. Ba ƙarya suka yi ba, kuma littafin tunawa da ya ɓoye wannan bai yi wa magabata adalci ba. Hukumar Wilink ta saurari irin wannan kuka a 1958. A 1966 Gwamnatin soja ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Malam Yusufu Gobir, ya ba da shawarar a haɗe. Kotunan Sarakuna aka soke, na alƙalai suka fita daga hannun En'e a 1968, 'yan doka kuma aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya tsakanin 1968 da 1970.

An huta da wani abu, an kuma yi hasarar wani. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san gidan kowa, ya san wanda ke sayen kayan sata, in an yi cigiya ya san zauren da zai fara tambaya. Kurtun da aka kawo daga wata jiha sai ya koyi wannan da kansa, malaminsa kuwa mai unguwa ne da dagaci. Ba a baƙo a unguwa mai unguwa bai sani ba. Wanda ya tsallake shi ya faɗa gidan mutum, ko ya sami wanda yake nema, ba zai sami mai ba da shaida ba.

Sharuɗɗan aron sun ƙaru tun daga nan. Tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, yana da ikon ya yi shiru har ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015, da dokar 'yan sanda ta 2020 wadda ta maye gurbin ta 1943, sun hana abu biyu da suka zama jiki tun zamanin dogarai. Na ɗaya, kama wani a madadin wani, a riƙe uba ko mata don ɗa ko miji ya fito, a bar jaki a doki taiki. Na biyu, kamu saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wanda ƙara ce ta tsakanin mutum da mutum, ba ta caji ofis ba. Iƙirarin dole kuwa dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓarsa, dokar 2017 ta mai da azabtarwa laifin da ke kai mai yin sa ɗaurin har shekara 25. Mu da muke zaune gaban alƙali da alƙalami mun sha ganin shari'a mai ƙarfi ta rushe saboda mari guda da aka yi a caji ofis.

Akwai kuma wurin da dokar ta bi al'adarmu sau da ƙafa. Bahaushe yana jure asarar dukiya, ba ya jure cin mutunci, mutuncinsa kuwa a zaure yake farawa. Ana sallama, a jira mai gida, ba a wuce zaure sai da izini. Dokar 2015 ta ce in wanda ake nema ya shige wurin da macen kulle take, sai a sanar da ita tukuna, a ba ta dama ta kauce, sa'an nan a shiga. Mace ba ta lalubuwa sai a hannun mace. Ankwa ba a sa ta sai ga wanda ake tsoron zai gudu ko zai yi faɗa. Dattijon da aka ja da ankwa ta tsakiyar kasuwa a kan abin da sammaci ya isa, ko kotu ta sallame shi gobe, an riga an yi masa hukuncin da ba alƙalin da ya yanke, 'ya'yansa kuma ba za su manta fuskar wanda ya ja shi ba.

Dogarai dai suna nan a fadojin Sarakuna da rigunansu ja da kore, suna baza su su kāre Sarki in zai hau ko zai sauka, suna yi masa hattara a kan hanya. Ikon kamun da ya rage musu bai wuce na kowane talaka ba, watau in an aikata laifi a gabansu su riƙe mai laifin, su miƙa shi ga ɗan sanda ba da jinkiri ba.