Gari biyu, sarki ɗaya: yadda Musulunci ya zauna a tsohuwar Gana

A shekarar 1068 wani malamin Andalus, al-Bakri, ya rubuta bayanin babban birnin daular Gana. Shi kansa bai taɓa taka ƙasar ba, daga bakin fatake da littattafan magabata ya tattara labarinsa. Wannan Gana ba ita ce ta yau ba: mazauninta yana tsakanin kudancin Muritaniya da yammacin Mali, kuma masana da yawa na ganin kufan Kumbi Saleh shi ne birnin.

Al-Bakri ya ce birnin gari biyu ne, da tazarar mil shida a tsakaninsu. Ɗaya na Musulmi ne, mai masallatai goma sha biyu, da limamai da ladanai da masana fiƙihu. Ɗayan na sarki ne, Tunka Manin, wanda ke kan addinin kakanninsa. Duk da haka akwai masallaci kusa da fadarsa domin baƙi, kuma tafintocinsa da ma'ajinsa da akasarin waziransa Musulmi ne.

Dalilin wannan zama ba ɓoyayye ba ne. Gishiri na gangarowa daga Sahara, zinariya na haurawa daga kudu, sarki kuwa na karɓar dinari ɗaya a kan kowane kayan jaki na gishiri da ya shigo, biyu idan zai fita. Irin wannan ciniki na bukatar mai rubutu, mai lissafi, da wanda fataken Magrib za su amince da alkawarinsa. Musulmi ne ke da waɗannan. Sarki ya ja su a jiki, har ya ɗauke musu al'adar fada: talakawansa kan durƙusa su yi afi, su kuwa Musulmi tafi kawai suke yi.

Sauyin ya zo a hankali. Lokacin da Ibn Battuta ya isa Mali a 1352, sarki da fadawa duk Musulmi ne. Ya yaba da yadda masallaci ke cika maƙil ranar Juma'a da yadda ake matsa wa yara haddar Alƙur'ani, amma ya ƙyamaci ganin har yanzu ana zuba ƙasa a ka a gaban Mansa Sulaiman.

Daga wannan Mali ne, in ji Tarihin Kano, Wangarawa suka zo a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Su ma da fatauci da karatu suka shigo, suka zauna kusa da fada. Don haka wanda ya fara ƙidayar tarihin Musulunci a ƙasar Hausa daga jihadin 1804 ya tsallake fiye da shekara ɗari huɗu, shekarun da masallaci da tsafi suka yi suna maƙwabtaka a gari ɗaya, kuma wannan gaurayen shi ne abin da Shehu Usmanu ya tashi gyarawa.