Daga Namatjira Zuwa Boomalli: Masu Zanen Aborijin da Rayuwar Birni

Yau Ostiraliya za mu leƙa, wajen Aborijin, mutanen da suka yi dubban shekaru a ƙasar kafin jiragen ruwan Ingila su sauka a 1788. Tambayar da za mu bi ita ce: idan mai zane ɗan asalin ƙasa ya shigo birni, wa ke da ikon cewa aikinsa na asali ne ko ba na asali ba?

Bari mu fara da Albert Namatjira. An haife shi a 1902 a Hermannsburg, wani sansanin mishan a tsakiyar hamadar ƙasar, ɗan ƙabilar Arrernte ne. Wani Bature mai suna Rex Battarbee ya koya masa zane da fentin ruwa, shi kuma ya dinga zana duwatsu da itatuwan ƙasar kakanninsa. A 1938 aka baje kolin zanensa a birnin Melbon, aka saye kayan tas. Sunansa ya kai inda a 1954 aka gabatar da shi ga Sarauniya Elizabeth.

To amma fa ɗaukakar ba ta raba shi da wulaƙanci ba. Wasu masana zane suka ce ai kwaikwayon Turawa kawai yake yi. Da ya nemi gina gida a garin Alice Springs da kuɗinsa, aka hana shi, don shi Aborijin ne. Sai ya koma zaman bukka a gefen gari. A 1957 gwamnati ta ba shi da matarsa cikakken 'yancin ɗan ƙasa, abin da 'ya'yansa da danginsa ba su samu ba. A nan tarkon yake. Doka ta yarda ya sayi giya, amma ta haramta ya ba wani Aborijin, alhali a al'adarsu abin da ke hannunka na dangi ne. A 1958 kotu ta ɗaure shi kan haka. Shekara ta zagayo, a 1959, ya rasu.

Kun ga an ce Namatjira ya yi kama da Bature da yawa. To ku saurari yadda zancen ya juya.

A 1971, a wani ƙauyen hamada da ake kira Papunya, wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, ya ƙarfafa wa dattawa gwiwa su zana labaran kakanninsu a bangon makaranta, daga baya a kan alluna. A 1972 suka kafa kamfaninsu, Papunya Tula. Daga nan zanen ɗigo-ɗigo ya bazu har duniya ta san shi. Abin alheri ne, ba shakka. Sai dai kasuwa ta riƙe shi a matsayin ma'auni: in ba ɗigo-ɗigo ba ne, in ba daga daji ya fito ba, wai ba zanen Aborijin ba ne.

Wa wannan ma'aunin ya bari a waje? 'Yan birni. Kuma mafi yawan Aborijin a birane da garuruwa suke zaune, ba a hamada ba. Da yawansu ma ba da son ransu suka rabu da harshe da ƙasar gado ba. An kori iyayensu daga filayensu, an kuma yi shekaru ana ƙwace yara daga hannun uwaye ana kai su gidajen mishan ko gidajen Turawa, har wajen 1970. Wato an raba mutum da gidansu, sannan an dawo ana masa gorin bai san hanyar gida ba.

A unguwar Redfern ta birnin Sidni, inda Aborijin suka taru da yawa, matasa suka fara kafa nasu. A 1972 aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na baƙaƙen fata a unguwar. Sai a 1987 masu fasaha goma suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar Boomalli a Chippendale, maƙwabciyar Redfern. Cikinsu akwai Tracey Moffatt, Michael Riley, Fiona Foley, Brenda Croft da Bronwyn Bancroft. Ma'anar sunan a wasu harsunan yankin ita ce bugawa, ko barin alama. Wasunsu hoto suke ɗauka, wasu fim, wasu zanen tufafi. Suka daina jiran masu gidajen baje koli su ba su shaidar asali. Su ke zaɓen aikin, su ke rataye shi, su ke rubuta bayaninsa. Riley, alal misali, ya ɗauki hotunan 'yan uwansa na birni cikin kwalliya da mutunci, saɓanin hotunan talauci da jaridu suka saba bugawa.

Ina aka kwana? A 2017 Tracey Moffatt ce ta wakilci Ostiraliya a babban bikin fasaha na Venice a Italiya. A shekarar ce kuma haƙƙin mallakar zanen Namatjira, wanda aka sayar wa wani kamfani a 1983 kan dalar Ostiraliya 8,500, ya dawo hannun iyalinsa kan dala 1. A 2020 tattaɓa-kunnensa, Vincent Namatjira, ya lashe kyautar Archibald, babbar gasar zanen fuska ta ƙasar, Aborijin na farko da ya yi hakan. A 2024 Archie Moore ya ɗauki kyautar zakin zinare a Venice, da wani aiki da ya rubuta sunayen zuri'arsa da alli a bango.

Har yau matsalar ba ta ƙare ba. Shagunan 'yan yawon buɗe ido cike suke da jabun kayan Aborijin da aka yi a wasu ƙasashe, masu zanen gaske kuwa ba sa ganin ko sisi daga ciki. Amma abu ɗaya ya canja: yanzu ɗan Redfern ba ya neman izinin kowa kafin ya ce aikinsa na Aborijin ne.

Ku fa, me kuka gani? Wanda aka haifa a birni, asalinsa ya ragu ne, ko dai ya ƙara masa sabon ɗaki? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kasance lafiya.