Kashi 75 Cikin Ɗari: Yadda Sharuɗɗan Kalkulas Suka Iske Ɗan Masarautar Gumel

Wata Alhamis da yamma, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, manyan motocin shanu suna ta ɗaukar hanyar kudu, sai ga ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Hutu ya dawo daga jami'a, inda yake aji ɗaya a fannin kimiyya. Da na tambaye shi karatu sai ya ce, "Kawu, komai da sauƙi, in ban da kalkulas." Ya ciro waya ya nuna mini hoton takardar da lakcara ya raba musu ranar farko.

Shafi ɗaya ce tak. Wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lakcoci ba, ba zai shiga jarrabawa ba. Tes da aikin gida maki 30, jarrabawar ƙarshen zango maki 70. Wanda bai kai 40 ba ya faɗi, sai ya maimaita kwas ɗin baɗi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. Ba a sake wa kowa tes sai da takardar asibiti. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Wanda aka kama da satar amsa, kora ce. Na karanta sau biyu, ban ga layin da zan ce an yi zalunci a cikinsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowane layi yana faɗin abin da ake bin yaron, babu wanda ya faɗi abin da yaron yake bi. Na kuma tuna cewa waɗannan sharuɗɗa ba tare suka zo ba. Kowanne yana da shekarar da aka haife shi.

Kalkulas ɗin kansa ba baƙo ba ne ga hankalin mutumin nan, sunan ne baƙo. Dillalin kara ya san kuɗin rago yau. Ya kuma san wani abu da ya fi wannan: in Layya ta matso, farashi yana hawa, kuma hawan da yake yi a makon ƙarshe ba irin na makon farko ba ne. Sanin saurin da abu yake canzawa a daidai wani lokaci, shi ne rabin kalkulas. Ɗaya rabin kuwa yana gonar riɗi a Gagarawa, wadda iyakarta ta bi kwari ta lanƙwashe, ba yadda za a yi a ninka tsawo da faɗi a san girmanta. Sai a bi ta kunya-kunya, a auna kowace, a tara. Gwargwadon sirantar kunyar, gwargwadon kusantar gaskiya. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus su ne suka nuna, a ƙarshen ƙarni na 17, cewa waɗannan ayyuka biyu ɗaya yana warware ɗaya. Leibniz ya buga nasa a 1684, kuma alamarsa ce yaranmu ke rubutawa har yau suna cewa "di-wai di-eks".

Kafin boko, mai neman lissafi a ƙasar nan zaure yake zuwa. A can ake koyon hisabi da fara'ili, wato rabon gado, inda ake fama da nusufi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, a nemo asalin mas'ala yadda kowane magaji zai sami rabonsa ba ragi. Ƙasar Hausa ta haifi masana a wannan fage, irin su Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi a kan tsara lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Dokar zaure gajeriya ce. Babu maki, babu zango, babu ranar rufe littafi. Ɗalibi ba ya wuce babi sai malam ya gamsu ya zauna masa. Ina ganin babu fannin da wannan doka ta dace da shi kamar lissafi, domin kalkulas a kan aljebra da ilimin kusurwoyi yake zaune, yadda katanga ke zama a kan harsashi. In ƙasa ba ta bushe ba aka ɗora, damina ɗaya ta isa.

Da Turawa suka zo, Gumel tana cikin Lardin Kano. Yaron da ya yi fice a elemantare sai a tura shi Midil ta Kano, daga can ƙalilan su wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kuma daga baya ta zama Barewa a Zariya. Jami'a ba ta zo Nijeriya ba sai 1948 a Ibadan, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ta Ahmadu Bello kuwa 1962. Hanyar ta yi ƙunci ƙwarai, kuma 'ya'yan talakawan karkara kaɗan ne suka bi ta. Amma wanda ya bi ta ba a jami'a yake fara ganin kalkulas ba. Bayan aji biyar na sakandare akwai ƙarin shekara biyu, wato HSC, inda ɗalibi zai tsaya a kan darussa uku kacal, misali lissafi da fiziks da kemistiri. Shekara biyu yana juya di-wai di-eks a ƙaramin aji, a gaban malamin da ya san sunansa. Sai ya shiga jami'a ya yi digiri a shekara uku.

Sharuɗɗan wancan zamani kaɗan ne, amma masu kaifi. Jarrabawa ɗaya ce a ƙarshen shekara, ita ke yanke hukunci. Wanda ya faɗi wata takarda ana ba shi damar sake ta kafin sabuwar shekara ta kama. In ya sake faɗuwa, ya maimaita aji ko ya kama hanyar gida. A irin wannan tsari Iya Abubakar, ɗan Belel ta Adamawa, ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi daga Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya dawo ya shugabanci sashen lissafi a Zariya yana matashi, har ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Sunansa ya daɗe yana zama hujja a bakin malaman lissafi na Arewa duk lokacin da wani yaro ya ce abin ba namu ba ne.

Shekarun 1970 su ne na gina gada. Hukumomin Arewa sun ga cewa makarantun da ke da HSC ba su da yawa, sai aka nemi wasu hanyoyin share fage: makarantar share fagen shiga jami'a a Zariya, da kwalejin CAS a Kano, da jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Gwamnatin jihar Kano, wadda Gumel ke cikinta a lokacin, ta yi wani abu da har yau ake cin moriyarsa: a 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana tace yara da jarrabawa daga ko'ina cikin jihar, a kai su kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaji. Daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura da ta maza a Kafin Hausa, kuma makarantar kimiyya ta Lautai da ke Gumel daga wannan tunani ta fito. A cikin shekarun nan ne kuma aka kafa babbar kwalejin horon malamai a Gumel, wadda yau ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa. Ga yara da yawa na Sule Tankarkar da Gagarawa, a azuzuwan NCE na wannan kwaleji suka fara haɗuwa da kalkulas, wasunsu kuma daga nan suka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Sai tsarin 6-3-3-4 ya shigo daga 1982, aka yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. HSC ta shuɗe a makarantun gwamnati, digiri ya koma shekara huɗu. A nan ne babban sauyin ya faru, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Aikin da ake yi cikin shekara biyu a ƙaramin aji, an kwashe shi an zuba a shekarar farko ta jami'a, a babban ɗakin lakca, inda ake haɗa ɗaliban injiniya da na kimiyya da na koyarwa wuri guda, ɗaruruwa, lakcara ɗaya da lasifika. A sakandare an bar ƙarin lissafi, wanda ɗalibai ke kira foda mas, a matsayin zaɓi. Makarantar da ba ta da malaminsa kuwa, zaɓin ya zama babu.

Takardar da ɗan ƙanwata ya nuna mini jikar wannan zamani ce. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba hukumar kula da jami'o'i, NUC, ikon shata mafi ƙarancin mizanin karatu, kuma a 1989 ta fito da shi, tare da tsarin kwasa-kwasai masu awo irin na Amurka: shekara ta rabu zango biyu, kowane kwas da nauyinsa, kowane maki da darajarsa, 70 zuwa sama shi ne A, a tara a fitar da matsakaicin da ɗalibai ke kira GP. Daga nan aka sami makin tes da aikin gida, 30 a wasu jami'o'i, 40 a wasu. Daga nan kari-oba ta maye gurbin sake jarrabawa. Dokar hukunta satar jarrabawa ta zo a 1999.

A takarda, sabon tsarin ya fi tausayi, kuma na yarda da niyyarsa. Bai kamata ciwon kai na rana ɗaya ya rushe wahalar shekara guda ba. Sharaɗin halartar aji ma yana da hujja mai ƙarfi a kalkulas musamman, domin wanda ya rasa makon da aka yi bayanin iyaka, wato inda lamba take dosa ba tare da ta isa ba, duk abin da ya biyo baya zai ji shi kamar da wani yare ake yi. Amma tsarin an gina shi ne da zaton cewa akwai wani ɓangare na alkawarin. Makin tes yana da amfani ne in an duba takardar an mayar wa yaro ya ga inda ya kauce, tun da sauran lokaci. Aikin gida yana da amfani in akwai tutoriyal, ƙaramin zama inda za a warware misalai a allo ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ba zai iya duba aikin ɗalibai ɗari biyar kowane mako ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai tes ya zama sau ɗaya, a kafe sakamako dab da jarrabawa, tutoriyal kuma ya koma hannun 'yan aji uku da ƙungiyoyin ɗalibai, waɗanda ke yi saboda Allah a masallaci ko a aji da dare. Su ne suka ceci da yawa daga yaranmu, kuma babu sunansu a kowace takardar sharuɗɗa.

An ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, amma shekara ashirin ɗan masarautar Gumel mai son digiri a kimiyya sai ya tafi Bayero a Kano, ko Zariya, ko Maiduguri. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido. Nisa ya ragu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga 'yan mata da iyayensu ba sa son su yi nisa. A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja ta bai-ɗaya, inda kalkulas na aji ɗaya yake da lambar MTH 102, nauyinsa awo biyu, wato awa biyu a mako, awa 30 a zango. A cikin awa talatin ɗin nan ake so a gama iyaka da saurin canji da tarawa da amfaninsu. In yajin aiki ya ratsa, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, zangon da ke biye sai a matse shi, makonnin su ragu, abin da za a koya kuwa yana nan yadda yake.

An sa gabatarwar kalkulas a manhajar lissafin aji uku na babbar sakandare, amma a can ƙarshen littafi take, lokacin da hankalin kowa ya koma kan WAEC da NECO da JAMB. Na tambayi yaron ko sun yi a makarantarsu. Ya ce, "Kawu, malaminmu ɗaya ne daga aji ɗaya har aji uku. Ya ce za mu zo wurin, sai jarrabawa ta riske mu." Na ba shi takarda na ce ya buɗe mini baka biyu na aljebra, ya yi daidai. Na ba shi na kusurwoyi, sai ya tsaya yana juya biro. A nan ciwon yake. Halartarsa ta wuce kashi 75, domin ko lakca ɗaya bai rasa ba. A sahun baya yake zama yana kwafar abin da ya hango a allo.

Akwai wani tsohon malamin lissafi a unguwarmu, ɗalibin kwalejin Gumel ne na farko-farko, ya yi ritaya yana kiwon tumaki. Na aika masa, ya ce a turo yaron kullum bayan la'asar har hutu ya ƙare, ya zo da littafin aji biyu na sakandare da sabon littafin rubutu mai shafi tamanin. Ya kuma ce a gaya masa tun yanzu, ba za su taɓa di-wai di-eks ba sai ya ga kusurwoyin sun zauna.