Jirgin da Ƙanne Biyu Suka Saya Domin Tunawa da Yayansu

A daren 30 ga Maris 1944 Birtaniya ta rasa jiragen yaƙi 95 a harin da ta kai birnin Nuremberg na Jamus. Cikin waɗanda ba su dawo ba har da Christopher Panton, ɗan shekara 19.

Ƙannensa Fred da Harold, masu kiwon kaji, ba su manta da shi ba. A 1983 suka sayi tsohon jirgin Lancaster, daga baya suka kai shi East Kirkby. Har yau injiniyoyi da masu aikin sa-kai suna kwance shi, suna sauya ƙarfen da ya lalace, domin ya sake tashi.

Ni kam, idan na ga hotonsa, nakan tuna cewa waɗanda bama-baman suka faɗa wa, su ma suna da ƙanne.

Fred ya rasu a 2013, bai ga tashin jirgin ba.